Rumbun Bayanai da Hakkin Abin da Ya Ɗebo Daga Nesa

Rumbun bayanai manhaja ce ta kwamfuta wadda ake zuba bayanai a cikinta bisa tsari, sa'an nan a riƙa yi mata tambaya tana ba da amsa. A da, amsar ba ta wuce abin da aka zuba. Yanzu kuwa rumbu yana iya aika tambaya ta intanet zuwa ga wata kwamfuta mai nisa, ya karɓo amsa, ya jera ta tamkar tasa ce. Rumbun PostgreSQL ya sami wannan ƙofa a shekarar 2011, ana kuma buɗe ta da 'yan ƙananan manhajoji da ake ɗora masa.

Alal misali, ma'aikaci yana da jerin adireshin asibitoci, yana son sanin wurin kowanne a taswira. Sai rumbunsa ya tambayi Nominatim, wato manhajar neman wurare ta OpenStreetMap. Aikin yana da sauƙi, amma izini uku ne a cikinsa, kowanne da mai shi.

Na farko shi ne lasisin rumbun kansa. Na PostgreSQL mai sassauci ne: a yi amfani da shi, a gyara, a sayar, muddin an bar sanarwar hakkin mallaka a jikinsa.

Na biyu shi ne lasisin manhajar da aka ɗora. Wasunsu suna ƙarƙashin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989. Sharaɗinsa shi ne, duk wanda ya raba manhajar ga wasu, ko da ya gyara ta, tilas ya ba da asalin rubutunta bisa wannan lasisi. PostGIS, mai sarrafa taswira a cikin PostgreSQL, tana cikin wannan rukuni. A 2007 aka fito da AGPL, wanda ya faɗaɗa sharaɗin har ga wanda ya gyara manhaja ya bar jama'a suna amfani da ita ta intanet. Wanda bai lura ba, sai rijiya ta ba shi ruwa, guga ya hana.

Na uku shi ne hakkin bayanan da aka ɗebo, shi ne kuma aka fi mantawa da shi. Tun 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya wajabta ambaton tushensu. Bugu da ƙari, ƙa'idar Nominatim ta kyauta ita ce kada a wuce tambaya 1 a daƙiƙa. Umurni guda a kan adireshi 10,000 yana iya aika tambayoyi 10,000 a jere, har a toshe wa ma'aikatar hanya.

Saboda haka, kafin ma'aikata ta haɗa rumbunta da na wani, wajibi ne jami'inta ya karanta lasisin nan uku ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tabbatar cewa abin da ke fita a cikin tambayar ba sirrin jama'a ba ne.