Yaron da aka ajiye wa akwatin gawa

A shekarar 1891 aka haifi Antonio Gramsci a garin Ales da ke tsibirin Sardiniya, a Italiya. Yana ɗan shekara huɗu ya kwanta rai kwakwai mutu kwakwai, har likitoci suka fitar da rai. Mahaifiyarsa ta tanadi ɗan akwatin gawa da rigar da za a binne shi da ita. Sai yaro ya tashi. Akwatin kuwa ya ci gaba da zama a gidan har wajen 1914.

Daga baya bayansa ya fara lanƙwashewa, doro ya fito. A gida aka ce ai 'yar aiki ce ta kayar da shi. Aka yi masa wani maɗauri na ƙirji, a rataye shi da shi a azarar ɗaki, ƙafafu na reto, wai nauyin jikinsa zai miƙar da bayan. Bayan bai miƙe ba, kuma har ya girma tsayinsa bai kai ƙafa biyar ba.

Wannan yaron ne ya zama ɗan majalisa kuma jagoran 'yan kwaminis na Italiya, wanda gwamnatin Mussolini ta kama a 1926. Rubuce-rubucensa na kurkuku har yau ana nazarinsu a jami'o'i. A gidan yarin Turi, a 1933, yana da shekara 42, likita Umberto Arcangeli ya duba shi ya faɗi sunan cutar: tarin fuka, wato tibi, shi ne ya ci ƙashin bayan. Baiwar Allah 'yar aiki, ba ta ji ba ba ta gani ba, ta sha ɗaukar laifi. Gramsci ya rasu a 1937, kafin a samo maganin tibi.

Ƙwayar cutar takan shiga ta huhu, ta bi jini ta zauna a ƙashin baya, ƙugu ko gwiwa, tana ci a hankali. Sau da yawa yaro mai wannan cuta ko tari ba ya yi. Shi ya sa a ƙauyukanmu akan fara da mai ɗori, ko a ce sammu ne.

Yau akwai magani, kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha kimanin shekara guda. Iyaye a 'Yankuzo da kewaye, idan yaro ya yi makonni yana ɗingishi ko kukan ciwon baya, yana ramewa, ko ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki abu a ƙasa, ku kai shi asibiti a Tsafe ko Gusau, ku nemi a yi masa gwajin tibi tun doro bai fito ba.