Kitsen Cikin Jini Da Shanyewar Ɓarin Jiki A Wajen Mata

Uwargida, kusan duk zuwan da kika yi asibiti akan auna miki hawan jini, wani lokaci a duba suga. To amma yaushe rabon da a auna kitsen da ke cikin jininki? Mata da yawa sun ɗauka wannan matsalar maza ce, ko ta masu ƙiba. Siririyar mace ma tana iya samunsa, musamman in gado ne a gidansu. Ba ya sa ciwo, ba ya sa zazzaɓi, kuma a wajen wasu shanyewar ɓarin jiki ce ke fara tona shi.

Sunan wannan kitse kolestarol. Jiki na buƙatarsa, kuma hanta ce ke yin mafi yawansa, saura ya fito daga abinci. A takardar sakamakon gwaji za ki ga LDL da HDL. LDL shi ne mai ɓarna: in ya yi yawa sai ya riƙa liƙewa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, har hanyar ta ƙuntata. Wata rana wurin ya tsage, jini ya daskare a kai, hanya ta toshe. In jijiyar ƙwaƙwalwa ce, sashen da jini bai kai masa ba yakan fara mutuwa cikin 'yan mintoci, sai baki ya karkace, hannu da ƙafa su saki. Wannan shi ne abin da ake cewa bugun iska ko jifa, alhali jijiya ce ta toshe. Shi kuwa HDL kwashe kitsen yake yi ya mai da shi hanta, don haka ana son ya yi yawa.

Me ya sa muka keɓe mata? Muddin mace tana ganin al'ada, sinadarin estirojin da jikinta ke yi yana taimakawa wajen danne LDL. Da ta daina, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai kariyar ta ragu, LDL ya hau, ko da ba ta sauya komai a tukunyarta ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2007 ya bi mata fiye da 27,000 masu cikakkiyar lafiya har tsawon shekara 11. Waɗanda kolestarol ɗinsu ya fi yawa sun ninka masu mafi ƙaranci sau biyu wajen haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa. A nan gida ma, binciken SIREN da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo shanyewar jiki, matsalar kitsen jini na biye masa. In kin taɓa samun hawan jini, jijjiga ko ciwon suga a lokacin goyon ciki, ki faɗa wa likita ko da an shekara 20, domin haɗarinki ya ɗara na sauran mata.

Gwajin jini kaɗan ake ɗiba. Ana son jimillar kolestarol ta kasance ƙasa da 5.2 a ma'aunin mmol/L, wato 200 in da mg/dL aka rubuta. Likita ne zai faɗi iyakar LDL da ta dace da ke, don ta mai ciwon suga ba ɗaya take da ta mai lafiya ba.

Sai batun girki. Kada rubutun "babu kolestarol" a jikin galan ɗin mai ya ruɗe ki. Ai duk man da aka tatsa daga tsiro ba shi da kolestarol tun asali. Abin dubawa shi ne mai ko kitsen da ke daskarewa in ya huce, kamar man shanu, tozo, kitsen rago da man kwakwa, domin shi ke sa LDL ya ƙaru. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitse ne. Ba a ce ki haramta wa kanki ba, amma miyar da mai ke iyo a kanta ta wuce kima. Ki cire fatar kaza, ki rage kayan ciki da soye-soye, ki daina maimaita suya da man da ya yi baƙi. Wake, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, gero da kifi su ne abokan tafiyarki. Ki rage gishiri da dunƙule saboda hawan jini, ki yi tafiya da sauri na minti 30 kwana biyar a mako, ko da zagaya tsakar gida ne. Magungunan ƙara ƙiba da ake saya a kemis kuwa, wasunsu na ɗauke da dexamethasone, wanda ke tayar da suga, hawan jini da kitse gaba ɗaya.

In gyaran abinci bai wadatar ba, likita zai rubuta miki magani irin su atorvastatin ko simvastatin. Sha ake yi kullum, ba a dainawa don sakamako ya yi kyau. In kina da ciki, kina neman ciki, ko kina shayarwa, ki sanar da shi kafin ki fara. Haka nan in kin ji ciwon tsoka da ba ki saba ba.

Duk ranar da kika ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a jikinki ko na wani, a lura da lokacin da abin ya fara, a garzaya asibiti. Kada a ɗura wa mara lafiya ruwa, rubutu ko kunu, domin yana iya shaƙewa. Maganin narkar da daskararren jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Ko da alamun sun gushe bayan 'yan mintoci, a zo a ranar, domin babbar shanyewar takan biyo baya cikin 'yan kwanaki.