Gane Gigin Tsufa Tun Hankali Bai Gushe Ba

Tun shekarar 1906, da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata bayan rasuwarta, watau dunƙule-dunƙulen da suka taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da zarurrukan da suka cukurkuɗe a cikinsu, waɗanda daga baya aka gane furotin ne iri biyu, amiloid da tau, likitoci sun daɗe ba su da hujja yankakkiya a kan cutar gigin tsufa da ake kira da sunansa sai bayan mai ita ya riga mu gidan gaskiya. Sannu a hankali al'amari ya sauya: aka koyi neman alamun a ruwan laka, aka samu hoton na'urar PET a 2004, har a watan Mayun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da gwajin jini ga masu shekara 55 zuwa sama waɗanda mantuwa ta bayyana gare su.

Dalilin neman gano cutar da wuri a fili yake, domin furotin ɗin yana fara taruwa fiye da shekaru goma kafin mutum ya kasa gane hanyar masallaci, kuma sababbin magunguna, irin su lecanemab, ba sa amfani sai a farkon cuta, ga tsada, ga haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa, alhali jinkirta ta kawai suke yi.

To, mene ne rabon wani dattijo na unguwar Bekaji a Yola, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, iyalinsa na cewa tsufa ne, maƙwabta na raɗa sammu ne? A ganina babbar fa'idarsa tana wajen shari'a da mu'amala, domin wanda aka sanar da shi tun yana cikin hayyacinsa zai rubuta wasiyya, ya biya basussuka, ya mayar da amanar mutane, ya naɗa wakili a kan fanshonsa, kafin taklifi ya faɗi daga kansa. Tsohuwar da ke fita da dare tana sambatu kuwa, sai ta tsira daga ƙazafin maita.

Amma akwai abin lura. Tsofaffi da yawa suna ɗauke da amiloid hankalinsu garau, ciwon ƙoda yana iya karkatar da sakamakon jini, kuma galibin ma'aunan a kan Turawa aka daidaita su. Binciken Ibadan da Indiyanafolis, wanda aka soma a 1992, ya nuna cutar ta fi ƙaranci ga Yarabawa bisa ga baƙaƙen Amurka, na Zariya kuma a 2011 ya sami gigin tsufa ga kusan 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba. Saboda haka wajibi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola ya auna jinin Fulani da Bachama da Hausawan jihar nan tukuna, kafin a fara faɗa wa iyalai hukuncin da ya ginu a kan jinin wasu.