Baka da kibiya: gyaran da ke sa harbi ya tafi daidai

A kasuwannin kan iyaka irin su Birnin Konni, Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har yanzu akan ga masu shimfiɗa baka da kwari kusa da rumfunan maƙera. Masu saye su ne maharba, da makiyaya, da masu gadin gona. Sau da yawa mai saye yakan dawo da fushi a kasuwa mai zuwa, ya ce kibiya tana kauce wa abin hari, alhali itacen ba shi da laifi, gyara ne ba a yi ba. Shi ya sa muka ga ya dace ƴan kasuwarmu su san kan abin da suke sayarwa.

Mu fara da tsirkiya. In tazarar da ke tsakaninta da mariƙin baka ta yi kaɗan, za ta riƙa dukan hannun maharbi, ta yi ƙara mai korar nama. Sai a cire ta, a murɗa ta sau uku ko huɗu don ta gajarta, a mayar, a gwada. In kuma aka ɗaure fiye da kima, kibiya ta rasa gudu, itacen ma ya gaji. Tsirkiyar fata tana saki da damina, ta ɗame da hunturu, saboda haka gyaran watan Agusta ba zai kai mutum Janairu ba.

Wurin da gindin kibiya ke zama a jikin tsirkiya shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. In kibiya ta fita tana sama tana ƙasa, a matsar da wurin kaɗan-kaɗan har ta miƙe, sannan a naɗa zare a nan don kada a riƙa lalube.

Ita kibiyarmu ba a sa mata gashin tsuntsu kamar ta Turawa, nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan ta. A ɗora ta a kan yatsa: in ba ta tsaya ba sai yatsan ya matsa wajen kai, to madalla. In ta tsaya a tsakiya, za ta juya a iska. Kyauron da ya yi laushi ga baka mai ƙarfi yakan yi wutsiya hagu da dama. A rage tsawonsa ko a sa ƙarfe marar nauyi sosai. Wanda ya karkace kuwa a gasa shi sama-sama a kan garwashi, a miƙe shi da hannu. A ganinmu, ɗan kasuwar da ke cika kwari da kibau masu bambancin tsawo da nauyi shi ke ɓata sunan rumfarsa, domin kowace za ta bi tata hanya.

Shi kansa bakan, a ja shi a duba ko ɓangarorin biyu suna lanƙwasa daidai. In ɗaya ya fi tauri, a kankare cikinsa da wuƙa a hankali. A shafa masa man kaɗe, a sassauta tsirkiya in za a ajiye, kuma kada a bar mai taya kaya ya ja ya saki babu kibiya, don hakan na tsaga itace.

A tuna cewa farauta a Nijar tana ƙarƙashin dokar 1998, kuma jami'an gandun daji na iya tambayar takarda.