Daga zobon Agiye zuwa jan giyar Bordo: wa ke da ikon cewa "wannan ya fi"?

Da zarar an gama yankan hatsi, sai buhunan zobo su fara bayyana a kasuwannin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Galibi mata ne ke shuka shi a gefen gona ko tsakanin hatsi da wake, su ne kuma ke ɓare shi su shanya. Amma ranar kasuwa wani ne ke faɗin darajarsa. Dillali zai tura hannu cikin buhu, ya ɗebo, ya duba, ya shinshina, ya tauna guda ɗaya, sannan ya ce na ɗaya ne ko na biyu. Wannan kalma tasa ce ke raba wadda za ta koma gida da riba da wadda za ta koma da kuɗin mota kawai. To, har ina ya kamata a yarda da harshen mutum ɗaya?

Abin da mai saye ke dubawa

Abu na farko shi ne launi. Zobon da ya yi ja har yana neman baƙi ya fi rina ruwa, shi ya sa masu ƙulla shi a leda ko gora suke nemansa, don tiya ɗaya tana ba su ruwa mai yawa. Na biyu bushewa: wanda ya bushe sosai yana ƙara idan an matse shi, mai laima kuwa yana lanƙwashewa, ya fi nauyi a sikeli, kuma yana saurin yin fumfuna a ajiya. Na uku tsabta, wato babu rairayi, tsinke, ƙwallo ko ƙwari. Na huɗu shi ne tsami, kuma a nan ne gardama take.

Wata mai sayar da zobo tana son mai kaifin tsami saboda yana ɗaukar sukari, citta da kanumfari. Wata kuma tana gudunsa, har ta sa ɗan kanwa ta kashe tsamin, abin da ke ƙara wa ruwan duhu. A Senegal, inda ake kiransa bisap, an san iri biyu: Vimto mai duhun launi da Koor mai tsami, kuma da yawa suna haɗa su. Sinadarin da ke ba zobo wannan ja dangi ɗaya ne da wanda ke cikin fatar baƙin inabi.

Darasi daga Faransa

Giya haramun ce a Musulunci, kuma mai karatu bai buƙatar a tuna masa. Abin da ya sa muka kawo ta shi ne, babu wata haja a duniya da aka fi yin rigima kan masu ɗanɗanonta kamar jan giyar inabi, kuma abin da aka gano a can yana da amfani a kasuwar zobo.

A 1855, lokacin babban baje kolin birnin Paris a zamanin Napoleon na Uku, an nemi dillalan Bordo su jera gonakin inabi bisa daraja. Suka kasa su mataki biyar, suka dogara da farashin da kowace gona ke samu. Wannan jeri yana aiki har yau, kuma babban sauyin da aka yi masa shi ne na 1973, da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa mataki na farko.

A 1978 wani lauya ɗan Amurka, Robert Parker, ya fara buga mujallar da ake kira The Wine Advocate, yana bai wa kowace kwalba maki daga 50 zuwa 100. Cikin ƴan shekaru makinsa ya zama abin da ke ɗaga farashi ko ya kayar da shi. Masu goyon bayansa suna cewa ya ceci mai saye, domin kafin shi yawancin masu yabon giya suna da alaƙa da masu sayar da ita, shi kuwa ya ƙi karɓar talla a mujallarsa. Masu sukarsa suna cewa ya sa masu gonaki sun koma yin irin abin da harshensa ke so, mai kauri da ƙarfi, har bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ya fara ɓacewa. A 2004 shi da Jancis Robinson, fitacciyar marubuciya ƴar Ingila, suka saɓa a fili kan giyar gonar Pavie ta 2003: ya yabe ta matuƙa, ita kuwa ta ba ta maki 12 cikin 20.

Idan aka rufe suna

Ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara gwanaye tara na Faransa a Paris, ya ba su giyar Faransa da ta Kalifoniya ba tare da sun ga sunan kwalba ba. Ta Kalifoniya ce ta zo ta ɗaya, a ja da fari duka. A 2001 kuma, a jami'ar Bordo, mai bincike Frédéric Brochet ya zuba wa farar giya jan launi marar ɗanɗano, ya bai wa ɗalibai 54 masu koyon wannan fanni. Suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jan giya. Ido ya riga harshe yanke hukunci.

Waɗannan gwaje-gwaje ba su kore gwaninta ba. Wanda ya shekara ashirin yana taɓa zobo yana gane mai laima da mai fumfuna tun kafin kai ka lura, kuma watsi da saninsa cinikin biri a sama ne. Abin da suka nuna shi ne, suna, farashi da launi suna jan ra'ayin gwani kamar yadda suke jan na kowa. Ƙari ga haka, dillalin kasuwa yana da rabo a cinikin da yake yanke wa hukunci.

Abin da ya shafe mu

Zobonmu ba a gida kaɗai ake shansa ba. Ƴan kasuwa suna tsallakawa da shi Najeriya, inda ake tattara zobo a kasuwanni irin ta Maigatari da ke jihar Jigawa, a kai shi har Meziko, ƙasar da ke shansa da sunan jamaica. Mai saye daga nesa ba ya tambayar wa ya ce yana da daɗi. Bushewa, tsabta da rashin ƙwari yake aunawa.

Don haka ƙungiyoyin mata manoma za su amfana idan suka raba abu biyu. Abin da ake iya aunawa, wato laima, datti da ƙarfin launi, a sa masa ƙa'ida a rubuce wadda kowa ya sani. Gwajin launi ma ba shi da wuya: a jiƙa awo ɗaya daga kowane buhu cikin ruwa daidai wa daida, a ƙoƙuna masu lamba maimakon suna, a jera su a gaban kowa. Tsami kuwa a bar wa mai saye, tunda abin da mai ƙullin leda ke so daban ne da na mai miya.

Akwai kuma hanyar kare suna. Tun 1935 Faransa ta kafa tsarin da ke ɗaure sunan haja da yankin da ta fito da kuma yadda ake yin ta. A 2023 hukumar OAPI ta miƙa wa Nijar takardun irin wannan shaida na albasar Galmi da kilishin Nijar. Zobo da ayar wannan yanki za su iya bin wannan sahu wata rana, amma sharaɗin farko shi ne manoma da kansu su amince da ma'auni ɗaya. Kafin nan, duk wadda ta kai buhunta kasuwa aka ce mata na biyu ne, tana da haƙƙin ta tambayi dalili, ta kuma nemi a jiƙa shi a gabanta.