Wuta, Iska, Ruwa da Ƙasa: Sawun Falsafar Girkawan Farko a Bakin Malaman Zaure

1.0 Gabatarwa

Tun da aiki ya kawo ni Yola daga Katsina nakan ziyarci wani dattijon malami a Namtari. Wata rana na tarar ana neman ya duba dacewar wani saurayi da yarinyar da yake nema. Ya tara lambobin haruffan sunan kowannensu da na mahaifiyarsa, ya raba da 12, ya fitar da burji. Sa'an nan ya ce yaron na wuta ne, yarinyar ta ruwa ce, sai an yi haƙuri da juna. Ya maimaita wa iyayen da Fillanci: yiite da ndiyam. Da na tambaye shi asalin wannan rabo, sai ya ce haka ya karɓa daga malamansa.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan rabo zuwa ga masana falsafar Girka na farko, a nuna hanyar da ya biyo ya iso mana, a kuma jawo hankalin masu ƙirƙirar kalmomin fannu ga abin da Hausa ta riga ta mallaka. Ingancin duba ko rashinsa ba ya cikin abin da za a tattauna.

2.0 Tambayar Mutanen Miletus

A ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a birnin Miletus da ke gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, wasu masana suka ɗora tambaya guda: daga wane abu ne duk abin da ke duniya ya fito? Girkawa suna da labaran gumaka da ke amsa wannan. Sabon abin shi ne waɗannan mutane sun nemi amsa daga abin da ido ke gani da abin da hankali ke kamawa.

Talis ya ce tushen kome ruwa ne, ƙasa ma a kan ruwa take. Aristotul, wanda ta bakinsa muka san yawancin wannan, ya yi zaton Talis ya lura ne cewa abinci da iri duk suna da danshi. Anaksimanda bai yarda ba. A ganinsa, in da ruwa ne tushe, da ya cinye kishiyarsa wuta. Saboda haka tushen wani abu ne marar iyaka, marar siffa, wanda ya kira afeiron. Anaksimenis ya ce iska ce, ya kuma kawo yadda sauyin ke faruwa: in ta saki ta zama wuta, in ta takura ta zama gajimare, sa'an nan ruwa, sa'an nan ƙasa, sa'an nan dutse. Hiraklitus na birnin Afisa ya zaɓi wuta, domin a wurinsa kome cikin sauyawa yake.

3.0 Saiwoyi Huɗu

Farmenidis na Eleya, a kudancin Italiya, ya jefa su duka cikin matsala. Ya ce abin da yake akwai ba zai fito daga babu ba, ba zai kuma koma babu ba. Ke nan sauyin da muke gani ruɗin ido ne. Emfedoklis, mutumin tsibirin Sisili a ƙarni na 5, shi ya nemi sulhu. Ya ce tushen guda huɗu ne: wuta, iska, ruwa da ƙasa, ya kira su saiwoyi. Su ba sa sauyawa. Ƙauna ce ke haɗa su, gaba ke raba su, kuma abin da mutane ke kira haihuwa da mutuwa haɗuwarsu ce da rabuwarsu. Dimokritus ya bi wata hanyar: ƙwayoyi ne ƙanana da ba sa rabuwa, suna yawo cikin sarari.

Aristotul (384-322) ya karɓi huɗun nan ya ɗaure kowanne da siffofi biyu. Wuta zafi da bushewa, iska zafi da danshi, ruwa sanyi da danshi, ƙasa sanyi da bushewa. Daga baya likita Jalinus, a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya tsara likitanci bisa ruwaye huɗu na jiki masu waɗannan siffofi: jini, majina, maɗaciya mai rawaya da baƙar maɗaciya. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuwa rinjayar ɗayansu.

4.0 Daga Bagadaza Zuwa Sakkwato

A zamanin Abbasiyawa aka fassara littattafan Aristotul da Jalinus zuwa Larabci. Hunainu ɗan Ishaƙa (ya rasu 873) shi ne jigon masu fassarar likitanci, Ibn Sina (980-1037) kuma ya tattara fannin cikin Al-Ƙanun. Shahrastani (ya rasu 1153) ya kawo ra'ayoyin Talis da Emfedoklis cikin Al-Milal wan-Nihal, ko da yake an cakuɗa su da ra'ayoyin mutanen baya. Ilmin taurari ya raba buruji 12 gida huɗu: Hamal na wuta, Saur na ƙasa, Jauza'u na iska, Saraɗan na ruwa, haka za a yi ta zagayawa har Hut. Wannan shi ne ma'aunin da malamin Namtari ya yi aiki da shi.

Akwai shaidu a tarihi cewa irin waɗannan ilmomi sun iso ƙasashenmu kafin zuwan makarantar boko. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi da ilmin taurari. A 1826 Kilafaton ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Uƙlidis na Larabci, Bello ya gaya masa cewa gidansu sun taɓa mallakar kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye. Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wato Ɗan Tafa (1804-1864), jikan Shehu Usmanu, ya karantar a Salame, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan falsafa. Heinrich Barth, wanda ya zo Yola a 1851 zamanin Lamiɗo Lawal, ya gamu a Masenya ta Bagirmi a 1852 da wani Bafillace makaho, Faki Sambo, wanda ya san Aristotul da Aflaton ta fassarar Larabci.

Sai dai malamanmu ba su karɓi abin da buhunsa ba. Emfedoklis ya ɗauki saiwoyinsa dawwamammu, Aristotul ya ce duniya ba ta da farko. Imam Gazali (ya rasu 1111) ya yi raddin wannan cikin Tahafutul Falasifa, kuma littafin Sanusi na tauhidi da ake karantawa a zaurukanmu an gina hujjarsa ne a kan cewa duniya fararriya ce. Don haka a bakin malamin zaure, wuta da iska da ruwa da ƙasa halittu ne, siffofinsu kawai ake aiki da su.

5.0 Abin da Ya Shafi Harshe

Kalmar falsafa kanta Girkanci ce da ta biyo ta Larabci. Haka hayula, wato asalin abu kafin ya sami sura, daga Girkanci hule, wadda ma'anarta ta farko itace ne ko katako. Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe shi ne kalmar stoikeion, wadda Aflaton da Aristotul suka yi amfani da ita ga tushen nan huɗu, Larabci ya mai da ita usɗuƙus. A Girkanci tana nufin harafi kuma. Wato sun ga duniya kamar kalma ce da aka haɗa daga ƴan haruffa. Masu ilmin haruffa na Larabci kuwa sun raba haruffa 28 gida huɗu, bakwai-bakwai, kowane gida da ɗabi'arsa.

Kalmar ɗabi'a ita ma abin lura ce. A Hausar yau da kullum tana nufin halin mutum, amma a zaure tana riƙe da ma'anarta ta fannu, wato yanayin da aka gina abu a kansa. In malami ya ce ɗabi'ar wane wuta ce, ma'anonin biyu yake haɗawa. Ba a ce duk inda Bahaushe ya ambaci ciwon sanyi ko abinci mai zafi daga Jalinus ya ɗauko ba, domin al'ummomi da yawa suna da irin wannan rabo nasu na gargajiya. Inda sawun ya fito fili shi ne inda aka jera huɗun tare, aka ba kowanne siffofi biyu.

6.0 Kammalawa

Kimiyya ta bar ra'ayin saiwoyi huɗu tun ƙarni na 18, lokacin da Lavoisier ya nuna a 1783 cewa ruwa haɗi ne na sinadarai biyu. Yau sinadaran asali 118 aka sani. Tambayar Talis ce ta rage, ita da kalmomin da ta haifar. Saboda haka, duk mai son rubuta falsafa ko tarihin kimiyya da Hausa, kafin ya ari kalma daga Turanci ko ya ƙirƙiri sabuwa, ya kamata ya fara bi ta zaure ya ji yadda ake fassara ɗabi'a, hayula, sura, jauhari da arali ga almajirai. Ana bukatar a naɗi wannan fassarar baka a Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya da Yola, a kwatanta ta Hausa da ta Fillanci, tun dattawan da suka iya ta suna nan.