Gyaran Hanya Na Kai Ka Gida Ne Kawai

Wata Asabar da yamma ina dawowa daga kasuwa a kan babur, na taka birkin baya sai na ji ƙafata ta tafi ƙasa, babu abin da ya tare ta. Na lallaba na tsaya da birkin gaba. Da na duba, ashe notin da ke riƙe sandar birki a wajen tayar baya ne ya kwance ya faɗi. Babu gari kusa, ga rana tana faɗuwa. Na tsinci wata 'yar waya a bakin hanya, na naɗe ta a bakin sandar da filaya, na gwada, birki ya kama. Na iso gida lafiya, har ina yi wa mai ɗakina fahariya cewa ba kowane abu ne sai an je wurin bakanike ba.

Na ce gobe zan sayi noti. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako uku. Wata Lahadi da safe na ɗauko ta da ɗanmu a goye, za mu sujada. A gangaren rafi sai ga shanu suna ƙetare hanya. Na taka birki da ƙarfi, waya ta zame. Cikin firgita na damƙe birkin gaba a kan tsakuwa, babur ya kwashe mu ya zubar. Ubangiji ya tsare yaron, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma uwar ta karye a wuyan hannu, ta yi wata biyu ba ta iya daka, ba ta iya ɗaukar tulu. Kuɗin da muka kashe a asibiti ya isa ya sayi noti cike da kwano.

'Yan'uwa da suka zo gaisuwa suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Na amsa gaisuwarsu, amma a zuciyata na san ba haka ba ne. Na san ranar da na ɗaura wayar nan, na kuma san kowace safiya da na gan ta na kau da kai.

Iya gyara abin kirki ne

Kada mai karatu ya ɗauka ina hana shi taɓa abin hawansa. Mai bishara da ke zaga ƙauyuka, ko manomi da ke kai hatsi kasuwa, dole ne ya iya yin faci, ya wanke fulogi, ya ja sarƙa idan ta saki. Dabarar da za ta fitar da mutum daga daji kafin dare baiwa ce, mu gode wa Allah saboda ita. Laifina ba ɗaura waya ba ne. Laifina shi ne na bar ta ta zauna. Gyaran hanya na kai ka gida ne kawai, kashegari sai gyara na gaskiya.

Mu kuma tuna motoci sun sake. Lokacin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, mutum da sifana da sukundireba yana iya yin rabin aikin 504 a gindin bishiya. Yawancin motocin yanzu suna da na'urar da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota. Wanda ya juya kan batir, ya sa ja a wurin baƙi, yana iya ƙona ta cikin ƙiftawar ido. Abin da kakanka ya yi wa motarsa ya zauna lafiya, kai ka yi wa taka ya zama gyaran gangar Auzinawa.

Birki ba ya karɓar dabara

Sau da yawa idan man birki ya ƙare a hanya, akan zuba ruwan sabulu ko baƙin mai. Dukansu biyu tarko ne. A murfin kwalbar man birki za ka ga an rubuta DOT 3 ko DOT 4. Sabon mai na DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, na DOT 4 kuwa sai 230. Ruwa yana tafasa a digiri 100. A hanya mai lebur ba za ka ga bambanci ba. Amma a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, birki yana ɗaukar zafi ƙwarai. Ruwan ya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai ka taka birki ya tafi har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Baƙin mai kuma yana kumbura robobin da ke cikin birki har su lalace.

In man birki yana raguwa, ko dai takalmin birki ya cinye ko akwai inda yake yoyo. Ƙara mai ba magani ba ne, a nemo dalilin.

Fis mai gadi ne

Fis ɗan ƙarfe ne siriri da aka yi shi domin ya ƙone. In wuta ta yi yawa a waya, shi ne ke narkewa ya yanke ta kafin wayar ta yi zafi. Wanda ya cire fis da ya ƙone ya cusa waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, ya kori mai gadi ke nan ya bar ƙofa a buɗe. Wayoyin za su yi zafi a ɓoye, robarsu ta narke, ga fetur kusa. Kowane fis yana da lambarsa a jiki: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. A mayar da mai lamba ɗaya da wanda ya ƙone. In sabon ma ya ƙone nan da nan, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, aikin mai gyaran waya ne.

Haka kuma in za a cire batir, a fara kwance kan da ke da alamar ragi, wato baƙin, a mayar da shi daga ƙarshe. Jikin mota duka a haɗe yake da wannan kai. In ka fara da ja, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi, batir kuwa yana fitar da iska mai kama wuta.

Ƙarƙashin mota da bakin lagireto

An yi jak domin ɗaga mota a sake taya, ba domin mutum ya shiga ƙarƙashinta ba. Ƙasa tana iya lotsawa, jak ya zame. Bulon siminti ma ba abin dogara ba ne, yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. A sa katako mai kauri ko ƙafar ƙarfe da aka yi domin wannan aiki, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin da ke ƙasa da dutse, a kuma tura tayar da aka cire a ƙarƙashin motar.

In mota ta yi zafi, kada a buɗe murfin lagireto nan take. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na ruwan da ke tafasa a tukunya. Da an buɗe sai ya yi tsartuwa ya sale fuska da hannu. A kashe inji, a jira aƙalla rabin awa.

Taya ma tana da shekaru. A gefenta, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Masu yin taya da yawa suna ba da shawara kada ta wuce shekara 10, ko da zanenta bai cinye ba. Kafin ka sayi ta hannu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ka karanta lambar.

Magana ga iyaye mata

Wannan zance ba na maza kaɗai ba ne, gama a tsakar gida ake yawancin gyaran. Maigida yakan wanke sarƙa da fetur ya bar sauran a kwalbar lemo, yaro ya zo ya kurɓa. In haka ta faru, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Amai yana iya kai fetur cikin huhu, a nan ne babban hatsarin yake. A kai shi asibiti maza. Saboda wannan dalili ne kuma bai kamata babba ya zuƙo fetur daga tanki da baki ba. Kada a bar babur yana aiki a cikin ɗaki ko zaure a rufe, domin a cikin hayaƙinsa akwai iska marar wari da ke kashe mutum yana barci.

Uwargida, ke ce za ki hau baya da goyo. Kina da iko ki tambaya cikin ladabi, "Maigida, an sayo notin nan kuwa?" Da mai ɗakina ta san abin da wayar nan take riƙe da shi, da ta tambaya. Ni ne ban gaya mata ba.

Amana ce

A cikin Kubawar Shari'a sura 22, aya 8, an umarci wanda ya gina sabon gida ya yi wa soronsa katanga kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a ce ya jira sai wani ya faɗo ba. Birki da taya da sitiyari su ne katangar abin hawanmu. Mukan yi addu'a kafin tafiya, daidai ne kuwa. Amma wanda ya san birkinsa a ɗaure yake da waya, ya ɗora iyalinsa ya ce Allah ya kiyaye, yana gwada Ubangiji ne.

Yau da yamma ka fita ka zaga babur ɗinka ko motarka. Ka nemi duk inda ka ɗaure da waya, ko roba, ko igiya, ka ce sai gobe. In babu kuɗin gyara a wannan mako, a jingine shi a tafi sujada da ƙafa. Ni dai na sayi notin a ƙarshe, na ɗaura shi cikin minti biyar. Wayar kuwa tana nan rataye a ƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ina ganinta kullum kafin in tayar da babur.